Yadda Ake Haɗa Kayan Su a Kan Ƙanƙara

Wanda ya taso a ƙasar zafi, ranar da aka fara ce masa ya taka tsakiyar tafki da ƙafarsa, sai gabansa ya faɗi. Haka na ji a hunturuna na farko a jihar Minnesota ta Amurka. Idan sanyi ya kankama a watan Janairu, saman tafkuna irin su Mille Lacs da Lake of the Woods yakan daskare har ya ɗauki mota, mutane su kakkafa 'yan ɗakuna a kai kamar sabuwar unguwa, kowa ya huda raminsa ya zura fatsa. Kifi na nan da ransa a ƙasa, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, sai ya kwanta can ƙasa, saman kawai ke daskarewa.

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai can ko Kanada, waɗanda wata rana abokin aiki zai gayyata zuwa kamun kifi a kan ƙanƙara. Abin da na gani wajen tsofaffin masuntan wurin shi ne, kayan tsira da rai suke fara tanada, ƙugiya ce ta ƙarshe. Kai ma bi wannan tsarin.

Fara da dagi. Doguwar sandar ƙarfe ce mai kaifin baki, kusan irin wadda muke haƙa ramin shinge da ita. Da ita za ka riƙa sarar ƙanƙarar da ke gabanka da ƙarfi kafin ka ɗora ƙafa. Idan ruwa ya ɓullo a sara ɗaya ko biyu, juya ka koma ta sawun da ka zo. Haɗa da awon tef, domin ido ba ya faɗin kauri. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ce kada a hau ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, kuma wannan ga sabuwar ƙanƙara ce garau mai kamar gilashi. Babur ɗin dusar ƙanƙara na buƙatar inci 5 zuwa 7, ƙaramar mota kuwa sai kaurin ya doshi ƙafa guda. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta narke ta sake daskarewa, ƙarfinta kusan rabin na garau ne, saboda haka ninka lissafin. Hukumar ta kuma ba da shawarar a sake awo duk bayan ƙafa 150, don tafki ɗaya ba ya daskarewa bai ɗaya. Inda rafi ke shigowa, ƙarƙashin gada, da gindin ciyayin ruwa, duk wuraren rauni ne. Dusa mai yawa ma tana lulluɓe ƙanƙara kamar bargo ta hana ta ƙara kauri.

Sai ƙusoshin ceto: ƙusa biyu masu mariƙi, haɗe da igiya, ana rataya su a wuya a saman riga. A wuya nake nufi, ba cikin jaka ba. Kuɗinsu kaɗan ne, amma ni ba na yarda in fita da wanda ba shi da su. Bakin ƙanƙarar da ta jiƙe santsi gare shi, tafin hannu ba ya kama komai. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 na farko ka shawo kan numfashinka, kana da kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi maka biyayya, da kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. A cikin mintuna goman nan ka fuskanci inda ka fito, tunda ƙanƙarar can ce ta ɗauke ka ɗazu, ka caka ƙusoshin, ka riƙa harba ƙafafu har jikinka ya miƙe a saman ruwa, ka ja ciki ka fito. Kada ka miƙe tsaye. Mirgina har ka yi nisa da ramin. Ƙara da igiya mai kamar ƙafa 50 da rigar da ke hana nutsewa, kuma kada ka tafi kai kaɗai.

Mataki na gaba sutura. Ka bar auduga a gida, ko singileti ne, domin tana shan gumi ta riƙe shi, gumin ya huce a jikinka. Sa ta ciki ta ulu ko ta zaren roba, ta tsakiya mai kauri, ta sama wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Takalmi ya zama mai rufin ciki, da ɗan sarari don jini ya zagaya, a ɗaura masa ƙarafunan da ke cizon ƙanƙara. Safar hannu biyu, don ɗaya za ta jiƙe.

Yanzu mahudi. Ƙarfe ne mai murɗaɗɗen jiki da wuƙaƙe a baki. Akwai na hannu, na fetur ko gas, da mai batir, wanda shi ne yayi yanzu. Ga mai farawa, na hannu mai faɗin inci 6 ya wadatar a farkon hunturu. Inci 8 shi ne na kowane kifi. Inci 10 na manya ne, kuma ƙafar yaro na iya shigewa ciki, sai a kula. Idan mai batir ne, ɓoye batirin cikin riga, sanyi na cinye cajinsa. Mayar da murfin wuƙaƙen duk lokacin da ka gama. Bayan ka huda, kana buƙatar matsami, irin na tsame ƙosai sak, don kwashe ɓarɓashin ƙanƙara, domin ramin yana sake daskarewa kana kallo.

Sandar fatsar gajera ce, inci 24 zuwa 36, tunda a bakin ramin kake zaune. Zare ya zama siriri, domin ruwan hunturu garau yake kuma kifin ba ya kuzari, cizonsa a hankali ne. Ƙugiya mai kan tangistan, wani ƙarfe mai nauyi ƙwarai, ta fi ta darma saurin nutsewa duk da ƙanƙantarta. Koto kuwa 'yan ƙananan kifaye masu rai ne ko tsutsa. Tsutsar a aljihun ciki ake ajiye ta kada ta daskare. Kifin walleye, wanda jihar ke tinƙaho da shi, kusa da ƙasa yake kiwo, ya fi ci da asuba da gab da magariba, sai ka sauke kotonka har ya taɓa ƙasa ka ɗaga shi kamar ƙafa ɗaya. Idan kifin pike kake nema, sa guntun waya kafin ƙugiya, haƙoransa na yanke zare. Akwai kuma tarko mai tuta: katako ne da ake girkawa a bakin rami, kwarkwaron zarensa na cikin ruwa, kifi na ja sai tuta ta miƙe. Dokar Minnesota ta yarda da zare biyu ga mutum ɗaya a kan ƙanƙara, ɗaya a hannu ɗaya a tarko ke nan.

Na'urar da ke nuna zurfi da motsin kifi, irin ta kamfanin Vexilar, tana da amfani ƙwarai, amma tana da tsada, kuma a ganina za ta iya jira zuwa shekara ta biyu. Bokitin roba ya fi ta gaggawa: shi ne kujera, shi ne jaka. Duk kayan a zuba su cikin kwamin roba mai igiya a ja.

Tanti da hita mai gas suna sa wuni ya yi daɗi, amma a nan wani haɗarin yake. Hita a rufaffen wuri na fitar da iskar guba marar wari marar launi. Bar kafar iska a buɗe, sa na'urar ƙararrawa mai gano ta, kuma da ka ji ciwon kai ko jiri, fita waje nan take.

Kafin ka bar gida, sayi lasisin su ta intanet ko a shagon koto, ka tambayi mai shagon kaurin ƙanƙara na ranar, ka faɗa wa na gida tafkin da za ka da lokacin dawowa. Rana gajera ce, a Disamba takan faɗi wajen ƙarfe 4:30, don haka tafi da alwalarka da fitilar goshi. Ragowar kifayen koto kuma doka ta hana zuba su cikin tafki. Ɗauko su ka zubar a kwandon shara.