Yadda za ka samu goyon bayan ma'aikata kan manhajar kula da gyaran injina

An sha tambayata: an sayi manhajar CMMS, wato ta kula da gyaran injina, an saka ta a kwamfuta, amma kowa ya koma kan tsohon littafinsa. Ga yadda ake bi.

1. Zaɓi inji ɗaya da ya fi ba da wahala.

2. Rubuta sa'o'in da ya tsaya cikin wata 3 da kuɗin da gyaransa ya ci.

3. Kai wa manaja wannan lissafi. Kada ka fara da yabon manhaja, asarar da ake tafkawa ce za ta motsa shi.

4. Nemi ya naɗa mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin manhajar.

5. Zauna da kanikawa, ka ji ta bakinsu.
Hattara, nan ake yawan tuntuɓe! Idan suka ɗauka an kawo ta don sa musu ido, ba za su taɓa ta ba. Nuna wa bakanike a wayarsa ranar da aka canza bel ɗin wannan inji da wanda ya canza. Na ga fuskoki sun sake daga wannan kaɗai.

6. Rage guraben cikewa a manhajar. Mai hannu duk baƙin mai ba zai cike gurbi 20 ba.

7. Shigo da mai sito ya daidaita adadin kayan gyara.

8. Horar da kanikawa a gaban injin.

9. Tsayar da ranar da za a daina karɓar buƙatar gyara da baki.

10. Duk ƙarshen wata, nuna wa manaja da kanikawa rahoton manhajar a zama ɗaya.