Shawara ga masu ɗaukar kwas ɗin adabin Turai na zamani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda zai ɗauki wannan kwas, ya nemi jerin littattafan tun kafin a fara lacca, ya soma da mafi kauri. Crime and Punishment na Dostoyevsky, wanda ya fito a 1866, ba a cinye shi a daren jarrabawa.

Abin da ya fi rikita ɗalibai a littattafan Rashawa shi ne sunaye. A Crime and Punishment, jarumin mutum ɗaya ne, amma mahaifiyarsa na kiransa Rodya, mai binciken kisan na ce masa Rodion Romanovich, marubucin kuma ya ce Raskolnikov. In ba ka lura ba sai ka ɗauka mutum uku ne. Ka ware shafi guda a littafin rubutunka, duk sunan da ya ɓullo ka rubuta shi tare da dangantakarsa da jarumin. Aikin ɗan kaɗan ne, amma zai raba ka da yawan komawa baya.

Sannan ka tambayi malam wace fassara yake koyarwa da ita. Ta Constance Garnett kyauta ce a Project Gutenberg, wani rumbun littattafai na intanet, sai dai tsohuwa ce, kuma in ya ce a buɗe shafi kaza ba lallai naku ya zo ɗaya ba.

Kafin ku shiga Mrs Dalloway na Virginia Woolf, ka ɗan karanta tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918. Labarin duka yini ɗaya ne a Landan, kuma ciwon tsohon soja Septimus daga fagen yaƙin nan ya samo shi.