Yadda Ake Ɗaukar Jariri Hoto a Gida Kafin Ranar Suna

Kamannin jariri suna sauyawa kusan kowace safiya a makonsa na farko, domin kumburin fuska yana sacewa, fata tana saɓa, launinsa kuma yana komawa na iyayensa a hankali. Yawancin gidaje sai ranar suna suke tunawa da hoto, alhali ita ce ranar da ta fi wahala, saboda gida ya cika da 'yan barka, wanzami ya yi wa yaro aski, an yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya gaji. Shawarata ita ce a keɓe safiya ɗaya tsakanin kwana na 4 da na 6, lokacin da maijego ta ɗan ji ƙarfin jikinta, a yi hoton a natse da wayar hannu.

Haske shi ne ginshiƙin aikin, kuma wanda ya fi dacewa shi ne na rana da ke shigowa ta taga ko ta ƙofar ɗaki, muddin ranar ba ta faɗo kan yaron kai tsaye ba. Idan ta yi ƙarfi, sai a rataya farin mayafi mara kauri a tagar domin ya tausasa ta. A kashe ƙwan lantarkin ɗakin, saboda haɗuwar haskensa da na rana tana ɓata launin fata, ta mayar da ita rawaya ko shuɗi-shuɗi. A kashe filashin waya ma, domin yana firgita jariri, yana kuma sa fuska ta yi ƙyalli marar daɗin gani. Sai a kwantar da shi yadda hasken zai zo daga wajen kansa ya gangaro kan fuska ta gefe. Idan ya zo daga wajen ƙafafu, inuwar takan hau sama ta sauya masa kama gaba ɗaya.

Lokacin da ya fi shi ne bayan wankan safe, idan ya sha nono ya ƙoshi, an ɗaga shi ya yi gyatsa. Jariri sabon haihuwa yana barcin sa'o'i 14 zuwa 17 a rana, don haka babu dalilin gaggawa. A ba shi kamar minti 15 barcin ya yi nauyi, har hannuwansa su saki. Idan lokacin hunturu ne, a rufe ƙofa, a kashe fanka, kuma kada a tuɓe shi don neman hoto, domin jikinsa yana saurin ɗaukar sanyi.

Wurin kwanciya ba ya buƙatar ado. Tsakiyar gado ko katifa a ƙasa ya isa, a shimfiɗa zani mai launi ɗaya, tun da atamfa mai yawan zane tana janye ido daga fuskar yaron. A kwantar da shi rigingine, kuma wani babba ya zauna kusa, hannunsa a shirye. Hotunan nan da ake gani a intanet na jariri ya tallabe haɓarsa da hannu biyu, ko yana reto a cikin mayafi, haɗa su ake yi a kwamfuta daga hotuna biyu ko uku, wani yana riƙe da kansa a kowanne. Wuyan jariri bai iya ɗaukar kansa ba, saboda haka kada a gwada wannan a gida ko kusa. Mai ɗaukar hoton ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, ya bar cibiya da tufafinta yadda ungozoma ta gyara, ya kuma riƙe wayar da kyau idan zai ɗauka daga sama.

A goge gilashin kyamarar wayar da ƙyalle mai laushi, a kashe ƙarar ɗaukar hoto, sannan a taɓa fuskar yaron a kan allon domin wayar ta daidaita haske da ita. In ba haka ba, farin zani yakan ruɗe ta, fuskar ta fito da duhu. A taka a matsa kusa da yaron maimakon jawo hoton da yatsa, a sunkuya daidai tsayin idonsa, a ɗauki da yawa a jere, domin hamma da murmushin barci ba sa jira. Tafin ƙafa, kunne, gashin da za a aske ranar suna, da ɗan hannunsa riƙe da yatsan kakarsa, su ne hotunan da aka fi komawa kansu daga baya. Hasken taga yana da wani amfanin kuma: idan a cikinsa aka ga farin ido ko fata sun yi rawaya, alamar ciwon shawara ce, sai a ajiye wayar a nufi asibiti.

Maijego da ta haifi ɗan fari takan ji kunyar a ɗauke ta tana rungume da shi a gaban surukai, kuma bai kamata a matsa mata ba. A bari sai ɗaki ya zama daga ita sai mijinta. Haka kuma gidaje da yawa ba sa son hoton jaririnsu ya hau Facebook ko WhatsApp kafin a raɗa suna, don haka a nemi iznin iyayen tukuna. Idan za a tura wa dangi na nesa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage masa inganci, a kuma adana na asalin a katin ajiya ko a Google Photos.