Canza sifirin na bayan mota: inda aka fi yin ɓarna

Duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya saba ganin Golf ta sha lodi, bayanta ya kusa taɓa kwalta. Lodin nan da ramukan hanya su ne ke kashe sifirin mai naɗi. Wata rana sai ka ga mota a tsaye ta karkace, ko ka ji ƙwal-ƙwal duk lokacin da ta faɗa rami. Galibi naɗin ƙasa ne ke karyewa, domin nan laka da ruwan damina ke kwanciya har tsatsa ta ci ƙarfen.

Ɓarnar farko daga aljihun mai mota take fitowa. "Oga, wanda ya karye kaɗai za ka canza mini, kuɗina ba su kai ba." To ai ɗan'uwansa da aka bari shi ma ya gaji, ya saki. Sabon zai fi shi tsayi da ƙarfi, mota ta tsaya gefe ɗaya a sama, kuma in ka sha kwana da gudu za ka ji tana rawa. Biyu ake canzawa tare, hagu da dama. In kuɗi sun gaza, gara ka sayi na Beljiyam guda biyu da suka fito daga mota ɗaya, da ka haɗa sabo da tsoho.

A Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, kuwa, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Tafi da tsohon a hannunka. A ƙirga naɗi, a gwada kaurin ƙarfen da faɗin bakinsa sama da ƙasa. Wasu kamfanoni, irin su Volkswagen, suna ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin don nuna ƙarfinsa, kuma na wagon ba lallai ya zama ɗaya da na ƙaramar mota ba ko da sunansu ɗaya. Tsayi kaɗai yana yaudara, tunda tsohon ya riga ya rage tsawo.

Sai cire tsohon sifirin, wurin da ake rasa yatsa, har ma da ido. Motoci iri biyu ne a nan. Irin su Golf 4 da Sienna sifirin daban yake da shokozoba: ka tokare ƙarfen da tayar ke jiki da jak, ka kwance notin ƙasa na shokozoba, ka sauke a hankali, sifirin ya saki da kansa. Amma inda aka zura shokozoba cikin sifirin, kamar a Honda Accord, sifirin a matse yake, kuma dole a kama shi da na'urar matse sifirin kafin a taɓa notin sama. Na sha ganin yaran gareji suna ɗaure shi da igiya ko waya. Ranar da ta tsinke, ƙarfen nan ba ya sallama. Haka nan shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, ko da bulo a matsayin matokari. Bulo yana farfashewa ba gargaɗi. A sa ƙafar ƙarfe, a kuma datse tayoyin gaba.

Wajen saukewa, ido na kan tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki). In ka ga sun miƙe, tsaya, kwance maƙalarsu tukuna.

Mayarwa ma akwai sakaci. Wutsiyar sifirin tana da gurbin da take zama. In ba ta shiga ba, ƙara ce za ta dame ka, kuma mota ba za ta zauna daidai ba. Robar da ke sama da ƙasansa, in ta yage a canza, kada a jefar da ita a ce ba ta da aiki, ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Notin da ya ratsa bushin (robar da ke cikin mahaɗar ƙarafa) kuwa ba a ɗaure shi tamau alhali taya na reto a sama. Sai nauyin mota ya sauka a kai, in ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri.

Masu gasa sifirin da wutar mai walda don su miƙe shi, ko su cusa yankan taya tsakanin naɗi don mota ta ɗaga, ba gyara suka yi ba. Wuta tana kashe taurin ƙarfen, kuma nan wurin zai sake karyewa.

Tunda an riga an buɗe wurin, duba shokozoba ko yana yoyon mai. In motarka irin wadda ake saita tayoyin bayanta ce, wuce wajen alaimen kafin ka hau babban titi.