A haɗa jakar ko-ta-kwana tun yanzu

Jama'a don Allah kowane gida a tanadi ƙaramar jaka kusa da ƙofa, a sa takardun gida da na makarantar yara cikin leda, katin NIN, maganin masu hawan jini ko suga, tocila da 'yan kuɗi a hannu, don ranar tashin hankali ba lallai ka samu mai POS ba. Ku tuna 2021 da aka katse netwok a wasu sassan jihar nan ta Kaduna, waya ta zama hoto, to ku tsayar da wajen haɗuwa in an rabu, ko gidan kawu ko masallacin unguwa, yara ma su san shi. Ku na bakin kogin Kaduna, Agusta da Satumba kar ku jira sai ruwa ya shigo ɗaki. Lambar gaggawa 112 ce, kyauta ake kira.