Darasi: Idan Maciji Ya Sari Mutum a Gona

A ce kaka ta yi, kai da ƙaninka kuna ɗaurin dawa a gona mai nisa da gari. Ya sa hannu zai ɗaga dami, sai ka ji ya ce, "Wayyo Yaya, wani abu ya sare ni!" Ka duba, ga ɗigon jini biyu a bayan hannunsa. Can gefe ga wani ɗan maciji mai zane-zane ya naɗe, yana goga jikinsa yana ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi.

Wannan ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba, amma a arewacin Najeriya babu macijin da ya kai ta kashe mutane. Dafinta yana hana jini daskarewa. A rubuta wannan a littafi, domin duk abin da za mu faɗa a gaba daga nan ya taso.

Da farko ku matsa daga wurin. Kada ka tsaya neman sanda don ka kashe ta, sau da yawa a nan ake samun sara na biyu. Zaunar da shi a inuwa, ka kwantar masa da hankali. Gudu da firgita suna sa dafi ya yi saurin bin jiki. Cire masa zobe da agogo, in mace ce a cire awarwaro, domin hannun zai kumbura, zoben kuma ya shige cikin nama. Sai ka samo sanda miƙaƙƙiya ko karan dawa masu ƙwari, ka jera su a jikin hannun, ka naɗe da ƙyalle sako-sako, kamar yadda ake yi wa karaya, don kada ya riƙa motsi. Duba wayarka, ka riƙe lokacin da abin ya faru.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, kuma masu ƙaunar majiyyacin ne ke yin sa. Wani zai yanko roba ya ɗaure hannun tamau. Ɗaurin ba ya tsare dafi, jini yake hana wa zuwa, har naman ya mutu, wani lokaci sai an yanke hannun. Wani zai ɗauko reza ya yi tsaga. To mutumin da jininsa ba ya daskarewa, in ka tsaga shi, me zai tsayar da zubar? Tsotsa da baki ba ta fitar da komai. Baƙin dutsen da ake mannawa, likitoci sun gwada shi, ba ya zuƙe dafi. Na san mun tashi mun tarar da iyayenmu suna yin waɗannan abubuwa, kuma ba raina su nake yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne awannin da ake ɓatawa. A yi addu'a, amma a yi ta ana kan hanyar asibiti.

Kada a bar shi ya taka da ƙafarsa in akwai yadda za a yi. A ɗauke shi a amalanke, ko a sa shi a tsakiyar mutum biyu a kan babur, na baya ya riƙe shi. In yana amai, a kwantar da shi a gefensa. In zogi ya yi yawa a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibufurofen da ire-irensu suna ƙara zubar jini.

Kububuwa tana da yaudara. Mutum zai ce ya ji sauƙi, har ya ci tuwo. Bayan wasu awanni, ko washegari, sai jini ya fara fita ta dasashi, ko a fitsari, ko wani tsohon miki ya buɗe. Don haka ko ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi. A asibiti za su ɗebi jininsa a kwalba mai tsabta su ajiye na minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai a yi masa allurar kashe dafi. Ita ce maganin. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Kumurci kuwa tofi yake yi a ido. Nan take a wanke idon da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Aikin gida: ba kowane asibiti ke ajiye allurar ba. Kafin darasi na gaba, kowa ya tambayi ma'aikacin lafiya na garinsu wanne ne mafi kusa da ke da ita. Ka rubuta sunan asibitin da hannunka, ka rubuta lambar wayar masu babur mutum biyu a ƙarƙashinsa, ka zo da takardar mu karanta tare.