Yadda za ka sauke bayanan lafiyar gadoji kyauta ka kuma karanta su daidai

Idan kana son koyon aikin data da bayanai na gaske, ba irin ƴan layuka ashirin ɗin da ake ƙirƙira don darasi ba, to rumbun gadojin Amurka na daga cikin mafi daɗin farawa. Sunansa National Bridge Inventory, a taƙaice NBI, hukumar manyan hanyoyin tarayya ta ƙasar wato FHWA ce ke riƙe da shi, kuma akwai gadoji sama da 620,000 a ciki, duk gadar da ke kan hanyar jama'a da tsawonta ya wuce ƙafa 20, kimanin mita 6.1. Ba rajista ba biyan ko sisi. Saukewar ba ta wuce minti biyar, karantawar ce aiki, don mutane da yawa a nan suke yin kwaɓa su je suna yaɗa cewa gadoji dubu kaza na dab da rushewa alhali takardar ba haka ta ce ba.

Asalin abin ma daga bala'i ya fito. Ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver Bridge da ke kan kogin Ohio ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka rasu, shi ne gwamnati ta kafa ƙa'idar duba gadoji ta ƙasa baki ɗaya a 1971. Tun daga nan galibin gadoji duk wata 24 sai injiniya ya je ya duba su ya ba da maki, jihohi su tattara su aika wa FHWA duk shekara.

Hanya biyu ce ta samun bayanan. Akwai InfoBridge, shafin da FHWA ta yi mai taswira, ka zaɓi jiha ka tace abin da kake so ka fitar da shi, wannan ya isa idan gada ɗaya ko gunduma ɗaya kake bibiya. Amma ni shawarata ka je ga ɗanyen fayil ɗin, ka rubuta "NBI ASCII files" a Google, zai kai ka shafin da aka jera shekaru tun daga 1992. Kowace shekara akwai fayil na kowace jiha da kuma na ƙasar gaba ɗaya a dunƙule. Iri biyu za ka gani, wanda aka raba da waƙafi da wanda ba a raba ba, ɗauki mai waƙafi don Allah, ɗayan sai ka zauna kana ƙirga haruffa ɗaya bayan ɗaya kafin ka san inda wani bayani ya ƙare wani ya fara. Kuma ka fara da jiha ɗaya. Fayil ɗin ƙasa duka zai shiga Excel tunda iyakarta layi 1,048,576 ne, amma da kolum sama da ɗari ƙaramar laftof za ta yi ta nishi. Ka haɗa da littafin bayanin lambobin, Recording and Coding Guide na 1995, PDF ne a shafin nasu, in babu shi lambobin nan ba za su ce maka komai ba.

To ga tarko na farko, kada ka danna fayil ɗin sau biyu Excel ta buɗe shi da kanta. Za ta cinye sifirin farko na duk abin da ta ɗauka lamba ne. Lambar jihar Kalifoniya 06 za ta koma 6, ranar dubawa da aka rubuta wata da shekara kamar 0323, wato Maris 2023, za ta koma 323, lambar gada mai haruffa 15 kuwa wani lokacin sai ta mayar da ita wani abu mai E+ a tsakiya, shi ke nan ta lalace ba ta dawowa. Ka shigo da shi ta Data sannan From Text/CSV, ka sa kolum ɗin lambobin shaida su zauna a matsayin rubutu. Mai Python kuma, da pandas, kayan aikinta na sarrafa teburin bayanai, layi ɗaya ne:

pd.read_csv("PA23.txt", dtype=str, quotechar="'")

PA23 na nufin Pennsylvania 2023. Wancan quotechar ɗin yana da amfani saboda sunayen hanyoyi da koguna a cikin alamar zance guda ɗaya suka saka su, wasu sunayen kuma akwai waƙafi a cikinsu, in ba ka faɗa masa ba layin zai goce bayanan su faɗa kolum ɗin da ba nasu ba. Sannan ka duba RECORD_TYPE_005A ka bar masu 1 kaɗai, su ne hanyar da ke bisa gadar, sauran bayanin hanyar da ta ratsa ta ƙarƙashi ne, in ka bar su za ka ƙirga gada ɗaya sau biyu ko uku.

Yanzu zuciyar maganar. Kolum huɗu ne ke ɗauke da lafiyar gada, kuma kowane suna yana ƙarewa da lambarsa ta cikin littafin. DECK_COND_058 shi ne dekin, inda taya ke takawa. SUPERSTRUCTURE_COND_059 bim-bim ne da ƙarafan da ke ɗauke da dekin. SUBSTRUCTURE_COND_060 filoli ne da bangon bakin gada har zuwa fandisho. CULVERT_COND_062 na kwalbati ne. Maki daga 0 zuwa 9, 9 sabuwa fil, 0 ta riga ta gaza an rufe ta. Ba a ɗaukar matsakaici fa, mafi ƙanƙantar maki ake ɗauka. Gadar da dekinta 8, bim 7, filoli 4, to 4 ce, kuma hakan daidai ne a hankalce don sabuwar kwalta ba ta riƙe filar da ruwa ya ci. In mafi ƙanƙantar ya kai 7 zuwa sama tana rukunin mai kyau, 5 da 6 dama-dama, 4 zuwa ƙasa mara kyau. Fayilolin shekarun baya-bayan nan sun yi maka wannan lissafin a LOWEST_RATING da BRIDGE_CONDITION mai haruffa G, F, P, amma na da can sai ka yi da kanka.

A nan harafin N ke kayar da mutane. N na nufin wannan ɓangaren bai shafi ginin ba, kwalbati ba shi da bim don haka 058, 059 da 060 duk N ne gare shi, gada ta sosai kuma 062 ɗinta N. Wani zai ga N ya ce bari in share in sa 0 don lissafi ya tafi, sai ka ga ya fito da rahoton cewa kusan duk gadojin jiha sun rushe. Har da wanda bai sa sifiri da hannunsa ba, in duk makin sun shigo a matsayin rubutu ka yi musu MIN a Excel, amsar da za ta ba ka 0 ce, ba kuskure ba gargaɗi, sifili ne kawai reras daga sama har ƙasa. Ka mayar da waɗannan kolum huɗun lamba tukuna, N ya zama fanko. A pandas to_numeric da errors="coerce" ne ke yin wannan. In ka gama ka gwada, a ƙasar baki ɗaya marasa kyau kimanin 42,000 ne a 2023 da 2024, wajen kashi 7 cikin ɗari, to in jiharka ta ba ka kashi 60 ka san daga wajenka ne.

Kuma "mara kyau" ba ya nufin gobe za ta faɗi. Maki 4 cewa yake an ga lalacewa ta yi nisa, kankare na ɓarewa ko tsatsa ta ci ƙarfe sosai, ana buƙatar gyara. 3 ya yi tsanani, 2 ya kai matakin da za a iya rufewa in ba a sa ido sosai ba, 1 an rufe. Wani lokacin makin gargaɗi ne na gaske, gadar Fern Hollow ta Pittsburgh ta shafe shekaru a rukunin mara kyau kafin ta rufta ranar 28 ga Janairu 2022, rahotannin dubawa sun yi ta nanata tsatsa da magudanan ruwa da suka toshe ba a gyara ba. Amma dubi I-35W ta Minneapolis da ta faɗi 1 ga Agusta 2007 ta kashe mutum 13, ita ma maki 4 gare ta a ƙarafan sama, sai dai abin da bincike ya gano shi ne farantan ƙarfen da ke haɗa gaɓoɓinta an yi su sirara tun daga zanen farko, ga nauyin kayan aiki da aka jibge a kai ranar. Gadar Francis Scott Key ta Baltimore kuwa tana rukunin dama-dama lokacin da jirgin ruwa Dali ya daki filarta 26 ga Maris 2024. Makin abin da idon injiniya ya gani ne ranar da ya je, ba ya auna kuskuren zane ko jirgin da ya ƙwace.

Shi ya sa ni ba na yarda da jerin "gadoji goma mafi haɗari" da aka haɗa da maki kaɗai. Ka haɗa shi da wasu kolum. ADT_029 yawan motocin da ke bi a rana, PERCENT_ADT_TRUCK_109 kason manyan motoci, DETOUR_KILOS_019 nisan zagayen da za a yi in an rufe ta. Gada mai maki 4 da mota 80 ke bi a rana da wadda 80,000 ke bi ba labari ɗaya ba ne. Sai dai ka leƙa YEAR_ADT_030 don wani ƙidayar ya tsufa sosai, wani ma ƙiyasi ne. OPEN_CLOSED_POSTED_041 zai gaya maka halin da take ciki, A a buɗe, P an kafa allon iyakar nauyi, K a rufe. Sai wanda mutane ke tsallakewa kuma ni a ganina ya fi da yawa muhimmanci, SCOUR_CRITICAL_113, wato yadda ruwa ke ƙwaƙule ƙasar gindin fila, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadoji a Amurka kuma daga sama ba a ganinsa. 3 zuwa ƙasa matsala ce, U kuma na nufin ba a ma san irin fandishon da ke ƙasa ba.

Wajen kwatanta jihohi ka yi hattara da ƙirge zalla. Texas ta fi kowa yawan gadoji, sama da 50,000, Iowa kuma ta daɗe tana kan gaba a yawan marasa kyau amma akasarinsu ƙananan gadojin karkara ne. Ka fitar da kashi cikin ɗari, sannan ka sake fitarwa da faɗin deki ta DECK_AREA, za ka ga jerin ya juya. Ita kanta FHWA da faɗin deki take auna jihohi a manyan hanyoyin ƙasa.

Taswira. LAT_016 da LONG_017 ba irin lambobin Google Maps ba ne, digiri da minti da sakan ne aka manne ba ɗigo. In ka ga 40261234, ka karanta shi digiri 40, minti 26, sakan 12.34, lissafin 40 + 26/60 + 12.34/3600, ya ba ka 40.4368. Na LONG lamba tara ne, ukun farko digiri, 079540000 ya zama 79.9. Kuma dole ka sa masa alamar ɗebewa ya zama -79.9 saboda ba su sa ba, in ka manta ka zuba a QGIS, manhajar zana taswira, sai ka tarar da gadojin Pennsylvania zube a yammacin ƙasar Sin. Wasu layukan sifili ne zalla a wurin, cire su daga taswira amma ka bar su cikin ƙirge.

Inda daɗin yake shi ne haɗa shekaru. Shekara ɗaya ba ta nuna maka ko gada mai 5 tana zaune a 5 tun shekara goma sha biyar ko daga 7 ta gangaro cikin shekara huɗu, kuma ta biyun ce abin tambaya. Ka haɗa fayilolin da STATE_CODE_001 tare da STRUCTURE_NUMBER_008, su biyun a haɗe, don lambar gada a cikin jiharta kaɗai take ta daban, ka kuma goge sararin da ke gaba da bayanta. Wasu gadojin za su ɓace wasu su bayyana, ko an rushe an sake ko jihar ta canza tsarin lambobi. Maki ya yi tsalle daga 4 zuwa 8, duba YEAR_RECONSTRUCTED_106 da YEAR_BUILT_027. Maki iri ɗaya shekara biyu a jere kuma sau da yawa dubawa ɗaya ce ta fito sau biyu, DATE_OF_INSPECT_090 zai tabbatar maka. Wani abu kuma, tsohon laƙabin structurally deficient, wato gadar da gininta ke da naƙasu, an sauya ma'anarsa a 2018, saboda haka kar ka jona tsofaffin alƙaluma da sababbi a layi ɗaya, ka lissafa naka daga makin nan huɗu tun daga farko. A 2022 ma sun fito da sabon tsari mai suna SNBI don maye gurbin littafin 1995, sunayen kolum da lambobinsu sun bambanta, ka duba wanne fayil ɗinka ke bi kafin ka saki kod.

In ka tsallaka wata ƙasa kada ka tafi da ma'aunin Amurka a ka. Lardin Ontario na Kanada yana wallafa nasa da maki 0 zuwa 100, 70 zuwa sama mai kyau, ƙasa da 60 mara kyau. Jamus tana amfani da 1.0 zuwa 4.0 kuma a juye yake, 1.0 ne mafi kyau 4.0 mafi muni, in ka jera shi irin na NBI za ka ɗora lafiyayyun gadoji a saman jerin masu matsala. Inda kuma gwamnati ba ta saki komai ba, OpenStreetMap, taswirar kyauta da jama'a ke haɗawa, ta shafin bincikenta Overpass Turbo, zai ba ka inda gadojin suke in ka nemi bridge=yes, wani lokacin har da suna da iyakar nauyi, amma maki babu, sai ka rubuta wa hukumar da ke da gadar ka nemi rahoton dubawa na ƙarshe, ka ambaci sunan hanyar da kogin da wurin a taswira don kar a ce ba a gane wadda kake nufi ba.